Daga Gona Zuwa Fuloti: Tarihin Iyakar Gida da Gona a Kewayen Birnin Kano

Gabatarwa

Wanda ya fita Kano ta Ƙofar Kabuga ya nufi Gwarzo, ko ya kama hanyar Zariya ta Na'ibawa, zai yi tafiya mai tsawo a tsakanin gidaje kafin idonsa ya faɗa a kan karan dawa. Akwai dattawa a raye waɗanda suka san wuraren nan suna gonaki, waɗansunsu ma sun yi noma a cikinsu. Mutane sun yi yawa, kowa kuwa yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa, wannan ba abin gardama ba ne. Abin tambaya shi ne, a zamanin da, me ya tsare gona daga gini, kuma yaya aka yi wannan tsaro ya kwance?

Ni dai ba lauya ba ne, ba kuwa ma'aunin ƙasa ba. Ilmin harshe na karanta, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan magana. Abin da nake so in nuna shi ne, Kanawan dā suna da tsari na raba ƙasa, ko da yake ba a zana shi a taswira ba, yana cikin sunayen da suka ba kowane irin wuri. Da dokokin zamani suka zo, suka ba ƙasar gini suna da lamba da takarda, suka bar gona a matsayin wurin da gari bai kai ba tukuna. Tun daga nan gona ta fara rasa mai tsaya mata.

Gona a cikin ganuwa

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134 bisa ga lissafin da Palmer ya yi. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki kuma ya ƙara a farkon ƙarni na 17. Abin lura a nan shi ne, masu faɗaɗa ganuwar sun kewaye ƙasa fiye da abin da gidajen zamaninsu ke bukata nesa ba kusa ba. Kyaftin Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayen ganuwar wajen mil 15, ya kuma ce gidaje ba su ci fiye da rubu'in abin da ke cikinta ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, shi ma ya yi tafiya cikin gonaki bayan ya wuce ƙofa kafin ya kai ga gidaje, ya kuma ƙiyasta mazaunan birnin wajen 30,000, suna ninkuwa lokacin fatauci.

Dalilin barin wannan sarari a fili yake. Ƙasar Kano ta sha yaƙi, tun daga Kwararrafa a ƙarni na 17 har zuwa Ningi da Damagaram a ƙarni na 19. In abokan gaba suka taso, mutanen ƙauye sukan shigo da iyalinsu da dabbobinsu, a rufe ƙofofi. Birnin da ba shi da gona da ruwa a cikinsa ba ya jure wa zaman kewaye. Watau gonakin da ke wajen Goron Dutse da Ƙofar Waika da Ƙofar Kabuga wani ɓangare ne na kayan yaƙi, daidai da ganuwar kanta. Sarkin da ya bari aka cike su da gini, ya rage wa kansa kwanakin da zai iya tsayuwa.

Bayan ganuwa kuma akwai wata igiya da ta ɗaure birni da gona, ita ce taki. Da rani jakuna sukan fita daga birni da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi, su komo da itace da kara da hatsi. Da wannan taki ne manoman kewayen Kano suka iya noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba. Jaki kuwa yana da iyakar tafiyar da zai yi ya komo a yini guda. Saboda haka gonar da ta fi kusa da birni ita ta fi samun taki, ita ce kuma ta fi albarka. Wannan magana tana da nauyi ga abin da zai biyo baya, gama ƙasar da gari ke fara ci in ya tashi faɗaɗa ita ce wadda aka fi daɗewa ana ciyarwa.

Sunayen ƙasa

Bahaushe bai kira ƙasa da suna ɗaya ba. Akwai gari, inda gidaje suke. Akwai karkara, wadda a asalinta take nufin nomammiyar ƙasa da ke kewaye da gari, kafin ma'anarta ta faɗaɗa a bakin 'yan jarida ta zama duk inda ba birni ba. Akwai saura, gonar da aka bari ta huta, wadda har yanzu tana da mai ita ko da ciyawa ta rufe ta. Akwai fadama, inda ruwa ke kusa, ake yin lambu da rani. Akwai makiyaya, da burtali wanda shanu ke bi a tsakanin gonaki zuwa mashaya, an shinge shi hagu da dama. Can gaba sai daji. A cikin gonakin ma an bambanta gandu, wanda gida duka ke nomawa a ƙarƙashin maigida, da gayauna, wadda ɗa ko ƙane ke nomawa don kansa.

Kowane suna a cikin waɗannan yana tafe da hukunci. In aka ce wuri burtali ne, an riga an faɗi cewa ba a shuka a cikinsa, ba a kuwa gina shi, ba sai an ƙara bayani ba. In aka ce saura ce, baƙo ya san sai ya nemi mai ita ko dagaci kafin ya sa fartanya. Yaro yana koyon dokar ƙasa tun yana koyon magana.

Kalmar da ta fi kowace nauyi ita ce hurumi. Daga Larabci aka aro ta, tushenta ɗaya da haram da harami, watau abin da aka tsare. A fiƙihun Malikiyya kowane gari yana da haraminsa, shi ne inda mutanensa ke kiwo da yin itace, gwargwadon abin da mutum zai je da safe ya komo da maraice, kuma ba wanda ke da ikon keɓe shi ga kansa. Rijiya ma tana da nata, haka kogi, haka itacen da aka dasa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi a kan wannan babi, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan matacciyar ƙasa: raya ta, ko kasancewarta haramin abin da aka riga aka raya, ko yankan da shugaba ya yi wa wani, ko keɓewar da shugaba ya yi don amfanin jama'a. Ke nan malaman daular Sakkwato sun san cewa akwai ƙasar da amfaninta shi ne a bar ta ba gini.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa zamanin nan adalci ne tsantsa. Sarakuna suna da manyan gandaye a Nasarawa da Ɗorayi da Fanisau da sauransu, bayi ne kuwa ke noma su. Masu sarauta sukan karɓe gonar wanda ya gudu ko ya kasa biyan kuɗin ƙasa. Kuma gona tana canja hannu ta gado da aro da jingina da kyauta, har da saye. Amma duk hannun da ta faɗa, gona take zama. Mai saye yana saye ne don ya noma.

Zuwan Turawa

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Da yaƙi ya ƙare, dalilin farko na tsare gonakin cikin ganuwa ya faɗi, ko da yake an daɗe kafin a ga alamar haka a ƙasa. A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don ya duba sha'anin ƙasa a Nijeriya ta Arewa, daga shawararsa kuma aka yi dokar 1910, wadda ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna, ya riƙe ta don amfanin 'yan ƙasa. Niyyar masu dokar ita ce su hana kamfanoni da baƙi saye ƙasar talakawa, kuma lalle ta yi wannan aiki, gama Arewa ba ta ga irin ƙwacen da aka yi a Kenya ko Rodeshiya ba. Amma ta kafa wani tushe wanda ya daɗe: manomi ba shi da ƙasa a idon doka, yana da ikon zama da amfani ne kurum, in kuwa hukuma ta bukaci wurin, abin da za ta biya shi ne aikin hannunsa da ke kai.

A wannan zamani ne kuma aka fara auna gonakin ƙasar Kano don haraji, malaman En'e suna ƙirga tsawo da faɗi da takun ƙafa, aka kira tsarin da sunan taki. Wannan shi ne karo na farko da gonar talaka ta shiga littafin hukuma da lamba, amma don a karɓi kuɗi ta shiga.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. Turawa suka zauna a gabas da birni, wajen Nasarawa da Bompai. Dokar garuruwa ta 1917 ta kawo irin nata tsarin raba ƙasa: unguwar Turawa dabam, ta 'yan ƙasa dabam, a tsakaninsu kuma a bar sarari na yadi 440 wanda ba a gini a ciki, wai don sauro da cuta. Ga hurumi ya sake bayyana cikin rigar Turawa, amma abin da yake tsarewa shi ne lafiyar Bature da keɓewarsa. Ba a yi wa gonar kowa irin wannan shinge ba.

Abin mamaki shi ne, a can Ingila a cikin shekarun nan ne ake ta faman tsare gonaki daga birane. An yi doka a 1938 don kewaye Landan da ɗamarar ƙasa wadda ba za a gina ba, dokar tsara gari da karkara ta 1947 ta sa ba mai mai da gona gida sai da izini, a 1955 kuma gwamnati ta umarci sauran birane su yi tasu ɗamarar. Dokar tsara garuruwa da aka ba Nijeriya a 1946 kuwa, ƙarfinta ya tafi ne ga shirya unguwanni da tituna a wuraren da aka ayyana.

Shirin shekara ashirin da dokar 1978

Ƙidayar 1952 ta sami mutanen Kano wajen 130,000, ta 1963 ta ba da kusan 295,000. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar ƙasa a 1962, ikon da ke hannun Gwamna ya koma hannun Minista, tushen dai bai sāke ba. Aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, Trevallion ya shirya mata tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983. Hukumar ta san akwai mutane a kan ƙasar da take shirin shiga, gama ita aka miƙa wa rahoton da Mortimore da Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar a 1965 a kan gundumar Ungogo. Binciken Mortimore ya nuna cewa kewayen Kano yana cikin karkarar da ta fi kowace cika a Afirka ta Yamma, fiye da mutum 350 a murabba'in mil, kusan kowane taku na ƙasa kuma ana noma shi shekara da shekara. Ma'anar wannan ita ce, wanda aka tasa daga gonarsa ba shi da dajin da zai je ya sara sabuwa.

Kano ta zama hedkwatar jiha a 1967, kuɗin man fetur ya shigo bayan 1970, aka yanki ƙasa don masana'antu a Sharaɗa da Challawa, aka yanki wata don sabon mazaunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo. Duk waɗannan ayyuka ne masu amfani, kuma duk a kan gonaki suka sauka.

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda har yanzu take aiki, an kuma ɗaure ta a cikin tsarin mulki. Ta raba ƙasar kowace jiha gida biyu: ta birni a hannun Gwamna, wadda ba ta birni ba a hannun ƙaramar hukuma. Sai a yi wa dokar adalci, gama sashe na 36 ya bar wa manomin karkara gonarsa, ya kuma hana a yanyanka irin wannan ƙasa fuloti-fuloti ko a miƙa ta ga wani, har da tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. A takarda, wannan shinge ne mai kyau. Amma sashe na 3 ya ba Gwamna ikon ayyana kowane yanki ya zama birni da sanarwa a gazet. Ranar da aka yi haka, gonar da ke ciki ta fita daga inuwar sashe na 36, ko da gero na tsaye a cikinta. A birni kuwa dokar ta ce ƙasar da ba a raya ba, mai ita ba zai riƙe fiye da rabin hekta ba. To, gonar da aka yi shekara ɗari ana zuba mata taki, rayayya ce ko matacciya? A wurin malaman fiƙihu noma da dashe raya ƙasa ne. A bakin ma'aikatan ofis kuwa, in an ce an raya wuri, gini ake nufi.

Sa'an nan in gwamnati ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini. Manomin da ke bakin gari ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa, ya yi lissafi. In ya jira, za a biya shi kuɗin dawa da ɗorawa. In ya riga hukuma, zai sayar da kuɗin fuloti. Ga kuma gado yana ta rarraba gonar har rabon kowane ɗa bai isa ya ci da gida ba. Ba na ganin laifin wanda ya sayar a cikin wannan hali.

Fili, fegi da awon igiya

A nan ne sababbin kalmomi suka shigo. Fuloti da fegi daga Turanci aka aro su, fegi kuwa asalinsa ɗan turken da ma'auni ke kafawa a kusurwa ne, sunan turke ya koma sunan wurin duka. Fili tsohuwar kalma ce mai nufin sarari, wurin da ba kome a kai. Yau in dillali ya nuna maka gona shuke da masara a bayan gari, cewa zai yi ga fili. Da wannan kalma guda ya share shukar da shekarun takin da ke ƙarƙashinta. Kanawa kuma suka ƙirƙiro awon igiya, watau yankan da mai gona da dillali ke yi da kansu ba tare da taswirar hukuma ba, sau da yawa ba a bar hanyar mota ko magudanar ruwa ko wurin makaranta ba. Unguwanni masu yawa na bayan ganuwa haka suka tashi. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum miliyan biyu da rabi a ƙananan hukumomi takwas da birnin ya mamaye, Ungogo da Kumbotso suna ciki, su da dā suke gundumomin manoma.

Tsofaffin kalmomin kuwa suna ta sāke ma'ana. Na taɓa tambayar ɗalibaina a aji ma'anar hurumi, amsar da ta fara fitowa ita ce ta kotu, kamar a ce alƙali ba shi da hurumin sauraron ƙara. Kaɗan ne suka san ƙasa ce. Burtali ma waɗansu sun ji shi ne a labarin rikicin manoma da makiyaya kawai, ba su taɓa tafiya a cikinsa ba. Shaidar da ta rage tana cikin sunayen unguwanni: Gandun Albasa, Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Kawo, Rimin Gata, Rijiyar Zaki, Rijiyar Lemo. Gandu ne da itatuwan gona da rijiyoyin ƙauye, yau kuwa sunayen tashar mota ne.

Abin da ya rage

Ba za a komo da ganuwa ba, ba kuwa mai hankalin da zai ce a hana mutane gina gida. Amma tarihin nan yana koya mana abu guda. Duk lokacin da gona ta tsira a Kano, ta tsira ne don akwai suna da hukunci da suka ce wannan wuri aikinsa ke nan, kuma birni ya san yana da bukata gare shi. Bukatar ba ta gushe ba. Har yanzu ana noman ganye a bakin Jakara da Getsi ana kai wa kasuwannin birni, fadamun da kududdufan da aka cike aka gina kuwa, ruwan da suke sha dā yanzu cikin gidaje yake kwana da damina. In hukuma za ta iya zana unguwa ta ba ta lamba, za ta iya zana fadama da burtali da gonaki mafiya albarka ta ba su tasu lambar, ta karkata gini zuwa tudu da ƙasa mai tsakuwa. Sai dai irin wannan shinge ba zai tsaya ba muddin manomin da ke ciki yana tsoron ƙwace, ko yana ganin an hana shi abin da maƙwabcinsa ya samu ba tare da an rama masa da kome ba.

Mu malaman Hausa namu aikin ƙarami ne, amma yana da gaggawa. Dattawan da suka san inda hurumin kowane ƙauye ya tsaya, da inda burtali ya bi, suna ƙarewa. Ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai su riƙa tura ɗalibansu garuruwansu lokacin hutu, su zauna da dagatai da masu unguwanni da tsofaffin manoma, su rubuto sunan kowane yanki na ƙasa, da ma'anarsa, da abin da aka halatta ko aka hana a cikinsa. Abin da aka tara zai yi wa ƙamus amfani, wata rana kuma mai zana taswira ko alƙali zai neme shi. Inda na yi kuskure a wannan takarda, ina fatan manyana a wannan fage za su gyara mini. Allah ya sa mu dace.